Awon Hasken Injin Alhaji

Na yi shekara biyu da 'yan watanni ina ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a wani asibitin kuɗi da ke garinmu, arewa da Kano, kan hanyar da ke bi ta Tsanyawa. Asibiti nake ce masa don haka aka rubuta a allon ƙofa. Ɗakuna biyar ne a jere da baranda, an gina su a tsakiyar gonaki, har ma idan damina ta yi nisa ganyen dawar maƙwabci kan leƙo ta tagar ɗakin allura.

Mai wurin wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi. Bai yi karatun lafiya ba, bai kuma taɓa cewa ya yi ba. Shi dai ya lura mutanen ƙauyukanmu suna hawa bas su tafi birni saboda hoto ɗaya, sai ya ga bai dace su riƙa wucewa ta ƙofarsa haka nan ba. Ya sayo tsohon inji wanda wani asibiti ya gaji da shi, aka kawo shi a motar da ke yi masa jigilar gero. Likita sau biyu yake zuwa a mako. Sauran ranakun wani ma'aikacin jinya ne ke rubuta takarda, shi kuwa ko jiri ka kawo masa sai ya rubuta hoto.

An ɗauke ni saboda na yi karatun aikin, kuma saboda ni mace ce. Magidanta ba sa son namiji ya tsayar da matansu gaban inji. Alhaji ya faɗa mini haka ranar farko, bai ɓoye ba. Takardar shaidata ko buɗe ta bai yi ba.

Akwai wani mutum da ya kamata in gabatar tun yanzu, ƙanen uwargidan Alhaji. Yana da rumfa a bakin kasuwa inda yake gyaran rediyo da fanka da tocila. Shi ya haɗa wayoyin injin ranar da aka kawo shi, da ya ga ya kama wuta bai fashe ba, daga ranar ya zama Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, Alhaji ya ɗauka, gari ya bi. Mutum ne dogo mai son farin yadi, biro uku a aljihun gaba, ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Idan ya shigo ɗakin hoto sai ya ɗora hannu a kan injin yana shafa shi, kamar mai tallar bijimi a kara.

A makaranta an koya mana cewa hasken da injin ke fitarwa ido ba ya ganinsa, jiki ba ya jin sa, amma yana ratsa mutum, kuma fatar da ya fara sauka a kanta ita ta fi shan sa. Kaɗan ba ya komai. Idan ya yi yawa, ko ya yi ta maimaituwa ba dalili, yana iya haifar da cutar da ba za a gani ba sai bayan shekaru. Shi ya sa kowane ma'aikaci yake maƙala wani ɗan bajo a ƙirji, yana tara lissafin hasken da ya same shi, lokaci-lokaci a aika da shi a karanta. Na roƙi Alhaji ya nema mini nawa. Ya ce zai duba. Ya yi ta dubawa har na bar aikin.

Akwai dai wani tsohon bajo da ya zo a cikin kwalin kayan injin, na wani ma'aikaci da ba mu sani ba, sunansa ma ya goge. Ba shi da sauran amfani. Injiniya ya ɗauka ya maƙala a aljihunsa kusa da birukan. Da shi yake zuwa kasuwa, da shi yake zuwa ɗaurin aure. Na ji da kunnena yana gaya wa wasu manoma a baranda cewa abin yana tsotse dafin inji daga jikinsa, shi ya sa ba ya ciwo. Suka gyaɗa kai. Ni kuwa na wuce ɗakin duhu na ci gaba da wanke fim.

Mutanenmu suna son hoto. Wasu gani suke shi kansa magani ne. Akwai wani dattijo daga wata unguwa bayan gari, ya haura saba'in, noma ya lanƙwasa masa baya. Kusan duk bayan kasuwa biyu sai ya zo a ɗauki hoton ƙugunsa. Ya ce idan ya kwanta a kan teburin nan mai sanyi, injin ya yi ƙara, sai ya ji ciwon ya sauka, ya kwana biyu yana barci. Ma'aikacin jinya ya rubuta, ni in ɗauka. Hoton ƙugu kuwa yana cikin waɗanda suka fi cin haske. Na sani. Nakan ce, “Baba, ai na wancan zuwan yana nan, ba abin da ya canza.” Shi kuma ya ce, “'Yata, ke dai danna.” Sai in danna.

A shekarata ta biyu hotuna suka fara fitowa fari-fari, ƙashi da tsoka duk sun haɗe. Na san dalili: ruwan wankin fim ya tsufa, ya gaji. Na faɗa. Alhaji ya kira Injiniya, Injiniya ya ce mata ba su san inji ba, ƙarfi ne ya ragu. Wata Juma'a bayan na tashi ya kulle kansa a ɗakin da sukundireba. Ranar Asabar hotuna suka ɗan yi duhu. Ya tsaya a baranda yana karɓar gaisuwa. “Na ƙara masa ƙarfi,” in ji shi. Ban tambaye shi me ya taɓa ba. Wannan rabona ne a cikin abin, kuma ba na neman a rage mini shi. Aikin yana kusa da gida, ina tafiya da ƙafa, ina dawowa kafin la'asar, ban so in taɓa abin da zai taɓa wannan ba.

Da daminar shekarar wata mata ta sauko daga bas a ƙofar asibitin, takalmanta duk laka, da jaka a kafaɗa da sikeli a hannu. Daga jami'a take, tana karatun digiri na gaba a kan awon hasken injinan asibiti, tana bin ƙananan wurare irin namu tana auna abin da ke sauka a fatar marasa lafiya. Ta girme ni da kaɗan. Gajeruwa ce, maganarta a hankali, Hausarta ta Kano tsaf, amma idan mahaifiyarta ta kira ta a waya sai ta juya Barbarci. Malama nake ce mata.

Alhaji ya karɓe ta hannu biyu, don bai fahimci abin da ta zo yi ba. A zatonsa za ta rubuta sunan asibitinsa a littafi, ta ba shi takarda mai hatimi ya rataye. Ya sa aka yanka kaji, aka kawo fura a sabuwar ƙwarya. Injiniya ya sako sabon yadi. Da ta ga bajon da ke ƙirjinsa sai ta tambaye shi yaushe aka karanta shi na ƙarshe.

“Kullum ina duba shi,” in ji shi.

Ta kalle shi, ta kalle ni, ta rubuta wani abu a littafinta.

Kwana uku ta yi tare da mu, tana kwana a gidan wata 'yar uwarta a Tofa. Kayan awon nata wasu 'yan ƙwayoyi ne farare, ba su kai ƙwayar wake ba, kowacce a cikin 'yar baƙar leda mai lamba. Kafin a ɗauki mutum hoto sai ta nemi izininsa, ta hau da shi kan sikeli, ta auna kaurin jikinsa da tef irin na tela, ta auna nisan inji daga fata, sannan ta liƙa ledar da filasta daidai inda hasken zai shiga. Ta ce ƙwayar tana riƙe hasken da ya same ta. Idan ta koma, za ta sa ta a wata na'ura mai zafi, sai ta saki abin da ta riƙe, a karanta yawansa. Akwai wasu ƙwayoyin da ba ta taɓa fitarwa daga jaka ba, don ta gwada sauran da su.

Dattijon nan ya zo a rana ta biyu. Da aka liƙa masa ledar a baya sai ya yi murna, ya ɗauka sabon magani ne aka kawo daga birni. Malama ta durƙusa ta ce, “Baba, ba magani ba ne, awo ne. Injin muke aunawa, ba kai ba.” Ya ce to, Allah ya yi albarka, amma da an bar masa ita ya tafi da ita gida.

A ranar ne ta lura da fitilar. A kan injin akwai wata 'yar fitila da ke haska jikin mutum, ta nuna maka iyakar inda hasken zai sauka, sai ka tsuke shi ya tsaya a wurin da ake so kawai. Ƙwan fitilar tamu ya mutu tun ina wata uku da fara aiki.

“To yaya kike sanin inda ya tsaya?” ta tambaye ni.

“Buɗe shi nake yi duka,” na ce.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tsaya tana kallon teburin, inda wata yarinya ta kwanta ɗazu don hoton gwiwa, hasken kuwa ya rufe ta daga ciki har ƙafa. Sannan ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da yatsa. Katako ne zalla, ba dalmar da ke tare hasken a ciki. A jikin ƙofar daga waje bencin masu jira yake, inda mata ke zama da goyo. Ta liƙa leda ɗaya a bayan ƙofar, daidai kan mai zaune.

Da za ta tafi a rana ta uku na ja ta gefe na gaya mata ina da ciki wata huɗu. Ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ta tambaye ni inda nake tsayawa idan zan danna, na nuna mata bayan wani ɗan bango na bulo. Ta sa na ɗauko rigar dalma da nake sawa don tare hasken, ta shimfiɗa ta, ta bi ta da tafin hannu, ta nuna mini inda ta karye daga ciki saboda ninkewa. Ta ba ni leda ɗaya ta ce in ɗaura a cikina ƙarƙashin rigar duk ranar aiki har ta aiko a karɓa. Ta ce in nemi ƙwan fitila ko da daga aljihuna ne. Na nema, ban samu irinsa a kasuwarmu ba, Injiniya kuma ya ce injin ba ya buƙatar fitila, ai ɗakin da haske.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Na fara mayar da mutane. Dattijon ya zo na ce ba zan ɗauke shi ba, ya jira likita. Ya zauna a benci har azahar, ya tashi ya tafi bai yi mini sallama ba. Ma'aikacin jinya ya kai ƙarata wurin Alhaji, Alhaji ya ce tunda na haɗu da 'yar jami'a kaina ya kumbura.

Malama ta dawo ana yankan gero. Muka zauna a ofishin Alhaji, shi a kujerarsa mai juyawa, Injiniya a tsaye a bayansa, ni a bakin ƙofa. Ta fara da nawa, don ta ga yadda nake murza hannu. Ta ce ledar cikina ba ta tara abin damuwa ba, bangon ya tsare ni. Na yi hamdala a zuci, na zauna a kan wani kwali.

Sannan ta buɗe sauran. Ta ce abin da fatar dattijon ta sha a hoto ɗaya ya isa a yi masa hotuna da dama a injin da ke daidai. Haka na ƙirji, haka na yara. Ta ce ledar bayan ƙofa ma ta tara abin da bai kamata mai zaman jira ya samu ba.

Alhaji ya juya kujerarsa dama, ya juya ta hagu. “Malama,” ya ce, “shekara nawa muna aiki a nan. Ki nuna mini mutum ɗaya da ya ƙone.”

“Alhaji, ba ƙuna nake nema ba. Kafin a kai ga ƙuna an wuce wurin da nake magana nesa.”

“To wa ya yi ƙara? Mutane godiya suke yi.”

“Ba su san abin da za su yi ƙara a kai ba.”

Injiniya ya matso. Ya ce shi ya san injin nan ciki da waje, waɗannan 'yan ƙwayoyin wataƙila zafin bas ne ya lalata su. Ta ce shi ya sa ta bar wasu a jaka, sun sha zafin bas ɗaya da sauran, kuma ba su nuna komai ba. Ya ce to wataƙila na'urar jami'ar ce take da matsala, ya kamata a kawo masa ya duba. Na kalli fuskar Malama a lokacin. Ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce tana so a buɗe kan injin a gabanta.

Muka shiga ɗakin hoto. Ta nuna wani ɗan murfi a bakin inda hasken ke fitowa, ta ce wa Injiniya ya kwance. Ya kwance yana huci. A ciki akwai gurbi mai kusurwa huɗu, babu komai a cikinsa. Ta ce a nan ya kamata a sami wani ɗan farantin alminiyam. Aikinsa ya tare hasken da ba shi da ƙarfin ratsa jiki, wanda ba ya kaiwa ga fim, a fata kawai yake tsayawa. Idan babu shi, duk wannan a jikin mutum yake ƙarewa.

“Ina yake?” in ji Alhaji.

“Wannan ɗan gwangwanin?” in ji Injiniya. “Ai shi ne ya toshe hanya. Da na cire shi ba hoto ya gyaru ba?”

“Ina ka kai shi?”

Ya nuna waje da yatsa. Ashe salansar babur ɗinsa ce ta huje, ya lanƙwasa farantin ya naɗe ramin da shi, ya ɗaure da waya. Babur ɗin yana jingine a baranda. Muka fita mu huɗu muka tsaya a kansa. Ga farantin nan ya yi baƙi da hayaƙi. Wata tara kenan yana yawo da shi tsakanin kasuwa da gida, ni kuwa wata tara ina danna wa mutane inji babu shi.

Na zaci Alhaji zai yi fushi. Ya yi, amma ba da ƙanen matarsa ba. Da ni ya yi, wai me ya sa ban gaya masa ba, ni da na yi makaranta. A nan dai ban iya ce masa ya yi ƙarya ba.

Malama ta rubuta masa abin da za a yi: sabon faranti, ƙwan fitila, sabon ruwan wanki, a sa dalma a ƙofa, a ɗauke benci, a daina ɗaukar hoto sai likita ya rubuta. Ta taimaka aka samo farantin da ƙwan daga birni, wani ma'aikaci na gaske ya zo ya saka. Aka mayar da benci ƙarshen baranda. Ƙofa kuwa aka shafa mata shuɗin fenti, aka bar ta yadda take. Bayan mako biyu na zo aiki na tarar da sabon rubutu a allon waje, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa masana daga jami'a sun auna injin wannan asibiti. Ba a faɗi abin da suka samu ba. Ranar kasuwa Alhaji ya tsaya a gindin allon yana nuna wa mutane, Injiniya na gefensa yana bayani.

Da cikina ya shiga wata takwas na ce zan tafi hutun haihuwa. Alhaji ya ce ba damuwa, in ɗauki mako guda in nuna wa Injiniya inda ake dannawa, shi zai riƙe kafin in dawo. Mata kuma uwargidansa za ta riƙa tsayawa a ɗakin idan za a ɗauke su.

“Ba zan nuna masa ba, Alhaji,” na ce.

“Dannawa ce fa kawai. Ke ma ba dannawa kike yi ba?”

Na cire rigar dalma na rataye ta a miƙe, yadda Malama ta koya mini. Da na isa gida na gaya wa maigidana, ya ce in yi abin da zan iya kare shi gaban Allah. Na kira Malama na tambaye ta wa ake gaya wa irin wannan. Ta gaya mini ofishin da ke kula da asibitocin kuɗi. Na rubuta takarda da hannuna, na sa sunana a ƙasa, maigidana ya kai ta birni. Bayan wasu makonni mutum biyu suka zo suka sa wa ɗakin hoton kwaɗo, suka ce ba za a buɗe ba sai an kawo mai takardar aikin kuma an gyara ƙofa.

Na haihu lafiya, mace. Uwargidan Alhaji ba ta zo suna ba, ta kuma hana matan gidansu zuwa. A gari aka yi ta cewa na ci abincin mutum na rufe masa ɗaki. Wasu matan da na ɗauka hoto da hannuna suka daina amsa gaisuwata a bakin famfo, don yanzu sai sun hau bas zuwa birni. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya taɓa yi musu bayani, har ni.

Ɗakin ya yi wata biyar a rufe. A ƙarshe Alhaji ya sa dalmar, ya ɗauko wani ma'aikaci daga wajen Zakirai, wanda ya ƙi fara aiki sai da aka yi masa rajistar bajon awon haske. Ban koma ba, ba a kuma neme ni ba. Da 'yata ta fara tafiya na sami aiki a wani asibitin gwamnati, muka tashi daga garin.

Bara na je gida gaisuwar rasuwa, na shiga bas ɗaya da Injiniya. Yanzu sola yake haɗa wa mutane. Yana kujerar gaba, bai gan ni ba. Tun daga tasha har muka sauka yana ba direba labarin yadda ya yi aiki da 'yan jami'a a kan injin hoto, da yadda shi ya gano musu inda matsalar take. Direban ya ce lallai garin nan an yi sa'ar mutum. Da muka tsaya na bari ya fara sauka, na gyara mayafina, na bi ta bayan motar na nufi gidan makokin.